Zaren Talata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda rai yake hannunsa.

Ni mahaifinku nake rubuta wannan da hannuna, da hantsi, a kan teburin da ke bakin tagar ɗakina, bayan na karya na kuma sha magani. Hankalina ɗaya ne, ba wanda ya tsaya a kaina. Na san ranar yau, na san jikokina ɗaya bayan ɗaya, ɗazu ma na kama kurakurai a shafin farko na jaridar da aka kawo mini. Wanda ya yi shakkar ƙwaƙwalwata, jaridar tana ƙarƙashin filo, na zagaye su da jan biro. Jiki ne kawai ya ba da sanarwa. Likita ya yi mini bayani ba kwana-kwana, na kuma gode masa, domin fiye da shekara talatin na yi ina tace labarai a gidan jarida, ina roƙon mutane su faɗi abin da ke bakinsu tun a jimlar farko.

To ga tawa jimlar farko: ba na so in kwanta dama alhali kai Babba da ke Uwata ba kwa ga maciji da juna. Gida da littattafai da sauran abin da za ku karanta a ƙasa duk ƙarin bayani ne.

Ku uku nake wa magana. Kai Babba, ɗan farina, da ban taɓa kiran sunanka da bakina ba, yau ma ba zan fara a takarda ba. Ke Uwata, mai sunan mahaifiyata. Da kai Auta, da ka kai malamin makaranta har da furfura a gemu amma sunan ya ƙi sakinka. Ku karanta tare, a ɗaki ɗaya, da murya. Kada a ɗauki hoton takardar nan a tura wa wani ta waya.

Na ɗaya. Idan lokaci ya yi, a gaggauta, kada a jira na nesa. In an sami wuri kusa da Mamanku, madalla. In ba a samu ba, kada a takura wa masu haƙa. Ni da ita mun saba zama kujeru daban-daban a mota, kuma tasha ɗaya muke sauka. Idan tsofaffin abokan aikina suka so rubuta wani abu a kaina, sakin layi ɗaya ya isa, amma Auta ya duba kafin a buga. Na san su.

Na biyu. Iyakar sanina ba mai bina bashi, sai dai iyakar sanin mutum ba ita ce iyakar gaskiya ba. Duk wanda ya zo da magana a saurare shi, a sallame shi kafin a taɓa rabon komai. Tsanin ƙarfen da ke jingine bayan kicin ba namu ba ne, na maƙwabcinmu mai gyaran agogo ne. Ya daɗe a wurinmu har shi ne yanzu yake zuwa aro, yana godiya. A mayar masa, a ba shi haƙuri. Matarsa kuma ku riƙe ta kamar uwa. Za ku ji dalili nan gaba.

Na uku. Gado a raba shi yadda Allah ya tsara, a gaban malamin da ya san ilimin, ba a gaban surukai ba. Littattafaina, waɗanda ba su kai sulusi ba ko an haɗa da kantocinsu, na bar wa ɗakin karatun makarantar da Auta ke koyarwa. A goge rubuce-rubucen da na yi a gefen shafi in an iya. Wasu marubutan ban yi musu adalci ba. Abubuwa uku na riga na bayar tun ina raye, a gaban liman da mai gyaran agogo, don kada a ce wasiyya ce ga magaji: mota ta Auta ce, tsohon ƙamus ɗina na Uwata ne ya je ya tarar da keken ɗinkin Mamanta, jan birona kuwa na Babba ne. Kada ka raina shi, Babba, akwai aikin da zai yi maka kafin a tashi daga wannan zama. Gidan nan shawara nake ba ku, ba umarni ba: kada ku yi saurin sayarwa. 'Yan'uwa suna bukatar ƙofa ɗaya da kowa zai shiga ba sai ya yi waya ba.

Na huɗu. Yanzu maganar da ta sa na ɗauki biro.

Zan shimfiɗa ta yadda nake shimfiɗa rahoton da aka kawo mini da zafi, wato in ware abin da ya faru daga abin da aka ji a rai. Abin da ya faru shi ne Mamanku ta so ganin teku. Babba ya ce shi zai kai mu, gida duka. Aka yi ta ɗagawa. Mafi yawan ɗagawar daga Babba ne, domin a ma'aikatar ruwa yake, kuma bututu ba ya neman izini kafin ya fashe. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da ita, Allah ya karɓi abarsa. A zaman makoki, cikin mutane, a gaban matarsa, Uwata ta ce da Babba bututu ya fi masa uwa, ya bar ta ta mutu ba ta taɓa ganin komai ba sai allura da bangon ɗaki. Babba ya ɗauki hularsa ya fita. Daga ranar zuwa yau ba ku ƙara zama kan tabarma ɗaya ba. Ina kwance a asibiti ina kallon yadda kuka raba lokacin ziyara kamar masu gadi, wannan da safe, wannan da yamma, Auta a tsakiya yana leƙa baranda yana tura saƙo cewa hanya ta buɗe. Kun ɗauka barci nake.

A cikin maganar Uwata akwai gaskiya: Mamanku ba ta ga teku ba, ba zan ƙawata wannan ba. Akwai abin da aka tsallake: ke ma Uwata kin taɓa ɗagawa saboda jarrabawar ƙarin girma, Mamanku da kanta ta taɓa ɗagawa saboda ɗinkin bikin wata da ta kasa ce wa a'a. Akwai kuma kuskure tsantsa, wato cewa ba ta ga komai ba. Ba laifinki ba ne, da abin da kika sani kika yi hukunci. Gyaran nawa ne, ga shi.

Na biyar. Gwangwanin biskit da ke saman kabad ɗinta.

Kun san shi. Duk kun taɓa hawa kujera kuna yara kuka buɗe da kwaɗayi, kuka tarar da zaren keke jere a tsaye, launi-launi, kuka sha faɗa. Ba ku taɓa tambaya ba me ya sa tela za ta tara zaren da ba ta ɗinki da shi.

Jarida kullum take fita, don haka ba kowa ke samun hutun ƙarshen mako ba. Manya suka kwashe ranakun da kowa ke so, ni aka ba ni Talata. Na dawo gida ina ƙorafi: ranar da yara ke makaranta, abokai ke ofis, me mutum zai yi da ita? Mamanku tana kan keke, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce Talatar ma ai Allah ne ya yi ta. Ta ƙara da cewa: "Malam Gyara, kai da ke gyara labarin duniya, ko ka san inda titin ƙofar gidanka ya ƙare?" Ban sani ba. Na san sunayen koguna da tsaunuka na ƙasashen da ba zan taɓa takawa ba, amma ban san inda motocin da ke wucewa ta gaban gidanmu suke juyowa ba.

Talatar da ta biyo baya, kuna fita makaranta ta lulluɓe keke da zani, ta ce wa masu kawo ɗinki ta tafi sayen zare. Muka je tasha muka shiga motar da ta fara cika, ba mu tambayi inda za ta ba sai da kwandasta ya miƙo hannu. Muka sauka inda ta ƙare, muka zagaya, muka ci abin da muka samu, muka dawo kafin ku taso daga karatun yamma. Matar mai gyaran agogo ce take ba ku abincin rana, kuma ita kaɗai ta sani. Ba ta taɓa faɗa wa ko mijinta ba. Da yake Mamanku ba ta ƙarya, duk garin da muka je sai ta nemi mai kayan ɗinki ta sayi zare guda ɗaya. Launin da take zaɓa shi ne launin abin da ya fi burge ta a wurin.

Ba kowace Talata ba. Akwai lokutan goyo, akwai na rashin lafiya, akwai watannin da aljihu ya ce a zauna. Amma mun yi shekaru muna yi, tun Babba yana firamare har Auta ya gama sakandare, har bayan na ajiye aiki, sai da gwiwarta ta ƙi hawa mota.

Dokokinta uku ne. Ba na tafiya da jarida, ita ba ta tafiya da tef ɗin awo, kuma ba a maganar yara a hanyar zuwa, sai a hanyar dawowa. Ta ukun ta fi wuya, ita ce kuma ta fi karya ta.

Koren zaren nan mai duhu na wani tsohon ramin fasa dutse ne da ruwa ya cika, ta zauna a bakinsa ta cire takalmi kamar yarinya. Mai ruwan toka na ranar da muka hau wani tudu muka hango ruwan sama yana tahowa daga nesa, yana tafiya a kan gonaki kamar mutum, muka tsaya kallo har ya iso ya jiƙe mu sharkaf. Ja mai haske na wata kasuwa ne inda wani tsoho ba ya sayar da komai sai ƙofofi, ya jera su a fili ba gini, ita kuwa ta bi ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya tana sallama, tsohon yana amsawa. Baƙin na gadar da ta haye layin jirgin ƙasa ne. Ta sa na tsaya a tsakiya har jirgi ya wuce ta ƙarƙashinmu, hayaƙi ya turnuƙe mu, ta yi ta dariyar yadda na rungume ƙarfe ina salati. Akwai ruwan ɗorawa guda ɗaya. Za ku tuna ranar da muka dawo bayan magariba, kuna zaune a ƙofar gida, Uwata tana kuka, Babba yana riƙe da hannun Auta yana cewa ba komai alhali idonsa na kan titi. Motar hayar da muka shiga ce ta lalace, muka dawo a bayan wata babbar mota mai ɗauke da katifu, Mamanku a kishingiɗe a can sama kamar sarauniya. Da kuka tambaya, ta ce zare ne ya yi wuya a gari. Launin katifun ke nan.

Me ya sa ba ku sani ba? Da farko don kada ku ƙi makaranta ran Talata. Daga baya ta ce komai na gidan nan rabawa ake yi, abincinta, barcinta, har zanin da ke jikinta wani ya taɓa goge hanci da shi, a bar mata abu ɗaya da ba a raba ba.

Teku ya fi ƙarfin Talata, ba a zuwa a dawo kafin a tashi makaranta. Bayan kun girma na ce mu je mu biyu mu kwana, ta ƙi. Ta ce Talata tamu ce, teku kuwa ya yi wa ido huɗu yawa, sai da yara. A tsakiyar gwangwanin akwai gurbi da ta cusa wa ƙyalle don kada sauran su faɗa ciki. Gurbin teku ne.

A kwanakinta na ƙarshe ta sa na kai mata gwangwanin asibiti. Ta zazzage shi a kan zanin gado, tana ɗauka tana faɗin wurin, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ni na kuskure, ta gyara mini, ta ce yau Malam Gyara ya sha gyara. Na tambaye ta ko tana jin zafin tekun. Ta ce ba tekun take ji ba, yaron nan take ji, yaushe rabon da ya zauna a mota wani ya tuƙa shi, shi yana kallon taga? Kai take nufi, Babba. Ta ce kada in faɗa muku zancen Talata sai ya zama dole. Na jira ku huce da kanku. Yanzu ya zama dole.

Gwangwanin ba na kowa ba ne a cikinku, kuma ba za a raba shi ba. Zai zauna inda na faɗa a ƙasa.

Na shida. Babba.

Lokacin da na fara aiki, da haruffan dalma ake buga jarida. A ƙarshen teburin da ake haɗa shafuka akwai wani faranti da muke kira Sai An Samu Wuri. Nan ake ajiye labaran da aka riga aka tace, aka jera, masu daɗi, waɗanda ba sa tsufa: mai kiwon zuma, tsohuwar da ta koyi karatu tare da jikarta, irin waɗannan. Kowa yana son su. Amma kullum sai wani ya yi murabus, wata kasuwa ta ƙone, mai talla ya sayi rabin shafi, sai a ce a bar na farantin zuwa gobe tunda ba ya lalacewa. Bayan watanni shugaban maɗaba'a zai zo ya ce dalmarsa yake so, a narkar. Labaran da suka fi kowanne kyau a gidan, mafi yawansu a tukunya suka ƙare, ba don wani ya ƙi su ba. Waɗanda suka tsira hanya ɗaya suka bi: edita ya zana musu gurbi da safe a kan farar takardar tsarin shafi, kafin labarin ranar ya iso, ya ce wannan wurin an kama. Sai ka ga gobarar da murabus ɗin sun matsa sun shiga sauran wurin, lafiya lau.

Tafiyar teku a wannan farantin muka sa ta, dukanmu. Cewa muka yi in an samu sarari. Ba a taɓa sa mata rana ba. Talata kuwa ta rayu shekara da shekaru domin rana ce mai suna.

Ba ka kashe wa Mamanka buri ba, ka sauke wannan dutsen daga ƙirjinka. Na ga yadda ka koma bayan rasuwarta: ka ƙara nutsewa cikin aikin, har matarka tana aika maka abinci tashar famfo kamar mai jinya. Aikinka mai daraja ne, mutane suna alwala da shi, suna dafa abinci da shi, ina alfahari da kai duk lokacin da na murɗa famfo. Amma ka ji wannan. Na taɓa kwanciya zazzaɓin taifot na makonni, ina tausayin jaridar da za ta kasa fita ba ni. Kullum da safe sai ga ta an turo ta ƙarƙashin ƙofa. Kanun labaran ba su kai nawa ba, har yau ina kan wannan ra'ayi, amma ta fito, mutane suka saya, suka naɗe kaya da ita washegari kamar kullum. Na ji haushi kwana biyu, daga nan na ji wani irin sauƙi da ban taɓa ji ba. Kana da mataimaki. In bai iya riƙe tashar na mako guda ba, koya masa shi ne aikin da ke gabanka, ba kwana a wurin ba. Ka karɓi hutunka na shekara, duka, kowace shekara, ka rubuta ranakun tun farkonta.

Na bakwai. Uwata.

Kin nuna mini takardar ajiye aikin da kike yawo da ita a jaka, kin ce kin gaji da ɗakin gwajin asibiti, da jini da kwalabe da fitilar da ba ta san dare da rana ba. Kin ce za ki ga duniya tun da sauran ƙarfi, ba za ki ƙare kamar Mama ba. Mijinki, mutumin kirki, ya bar miki zaɓi. Ni ma ban hana ki ba. Ke kika gado ƙafarta, tun kina rarrafe ƙofa kike nufa.

Sai dai ki sake duba dalilin. In duniya ce take kiranki, ki tafi da albarkata. In kuwa gudun ƙarewa kamar Mama ne, to labarin da kika gina shawarar a kansa yanzu kin ji bai inganta ba. Mamanki tana son kekenta. Ba ranar da take waƙa a kansa kamar Laraba. Keken ne yake biyan kuɗin motar, motar ce kuma take sa keken ya yi mata daɗi. Da an cire mata ɗaya, da ɗayan ya gundure ta. Kuma bari in tsokane ki kaɗan, tunda uwata ce ke ba za ki yi fushi da ɗanki ba: ke mai tuhumar yayanki, hutun shekara nawa kika bari ya wuce ba ki karɓa ba, kina jiran babbar tafiya? Naki farantin ma a cike yake. Ki fara karɓar abin da yake haƙƙinki, ki je wuri mai nisa, ki dawo ki sa farar rigarki, ki ji yadda zuciyarki za ta ce. In har lokacin takardar tana nan da ƙarfinta, ki miƙa, kuma Babba ba zai ce uffan ba.

Maganar da kika faɗa a zaman makoki baƙin ciki ne ya faɗe ta da bakinki, kowa ya sani. Amma a bainar jama'a aka buga ta, kuma ƙa'idar da na yi aiki da ita ita ce gyara yakan fito a shafin da kuskure ya fito. Ki ba yayanki haƙuri a gaban matarsa. Kai kuma Babba kada ka bari ta kai ƙarshen jimlar.

Na takwas. Auta, daga yau na sauke ka daga aikin masinja. Ka yi shi da haƙuri, ka sha faɗan da ba naka ba daga hagu da dama, har ka iya sauya saƙo a hanya don ya yi laushi. Na lura, kuma da a ɗakin labarai ne da na ƙara maka girma. Duk wanda ya sake cewa ka gaya wa wancan, ka karanto masa lambar wayar wancan ɗin. Kai ma dogon hutun da Allah ya ba malamai ka daina cinye shi duka da darasin gida-gida. Yaranka suna tashi, ka nuna musu inda titi ya ƙare.

Na tara, kuma shi ne roƙona na ƙarshe. Mamaci ba shi da 'yan sanda, don haka roƙo ne.

Kafin ku tashi daga wannan zama, a sauko da kalandar da ke bangon falo. Babba ya ɗauki jan biro ya zagaye Talatar farko ta dogon hutun makaranta mai zuwa. Wannan wurin an kama. Bututu zai fashe, za a sa jarrabawa, wata za ta yi biki. Su matsa su shiga sauran ranakun.

Ranar ku tafi teku. Iyalanku su biyo baya a wata motar, amma ku uku a wadda na ba Auta. Auta ne direba. Kujerar gaba ta gwangwanin ce, a ɗaura masa bel. Babba da Uwata a baya. Kuna yara kun sha faɗa a kan taga, to taga biyu ce, kowa ya kama tasa. Babba ya bar wayar ofis a hannun matarsa. A hanyar zuwa ba maganar gado, ba maganar wa ya ce me. A hanyar dawowa ku yi duk wadda ta rage, in ta rage.

In kun isa, ku cire takalmi. Ku zauna ku dube shi da kyau, kada ku yi sauri. Sannan ku shiga gari ku nemi mai kayan ɗinki, ku sayi zare guda ɗaya, ba uku ba. Babba da Uwata su za su zaɓi launin, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya za a biya. Ba zan iya taimaka muku ba. Na karanta a littattafai da yawa cewa shuɗi ne, wasu sun ce kore, wani ya ce da yamma kamar narkakkiyar dalma yake. Ban gani da idona ba, kuma ban saba buga abin da ban tabbatar ba. Ku cire ƙyallen, ku sa zaren a gurbinsa, ku rufe. Daga nan gwangwanin ya riƙa shekara a gidan kowannenku bi da bi, kuma wanda yake hannunsa shi zai kai wa na gaba da ƙafarsa, ya zauna ya ci abinci.

Na yafe muku duka, abin da na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini. Kun yi mini biyayya, kun yi jinyata har kun gaji ba ku nuna ba. Allah ya yi muku albarka, ya sa wa aikinku albarka, ya sa wa hutunku albarka. Allah ya ba ku 'ya'yan da za su ji ƙanku. Ku riƙe salla, ku riƙe juna. Babba ka zama inuwa, Uwata ki zama murhu, Auta ka ci gaba da ba su dariya. Kada ku bari jikokina su san juna a hoto kawai. In kun tuna da mu ku yi mana addu'a, ni da matar da ta nuna mini ƙarshen titinmu.

Ta riga ni shiga mota, kamar yadda ta saba, don ta kama taga. Allah ya sauke mu tasha ɗaya, ya kawo ku a bayanmu bayan rai mai tsawo, ku uku kuna magana da juna.

Mahaifinku.